Marafan Kwalba da Bencin Baya

A Gaya, can bakin iyakar ƙasa, na gane cewa tsufa bai ƙara mini wayo ba. Gadar kogi a rufe take a shekarar, sai dai a tsallaka da kwale-kwale, ni kuwa mutumin Kona ne ta ƙasar Tasawa, ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne tabkin bayan gari, shi ma a gwiwa yake tsayawa. Mai jirgi ya zaunar da ni tsakanin buhun albasa da wata akuya. Na rungume akuyar, ina karanta duk surorin da na sani. Ba su fi biyar ba. In sun ƙare in koma farko.

"Baba, saki akuyar nan, za ka shaƙe ta," in ji mai ita.

"Ɗana, bar mu. Ni da ita mun yi alkawari, tare za mu hita."

Abin da ya fitar da ni daga gida da furfurata, ba yunwa ba ce kaɗai, ko da yake damina ta yi mana gardama. Ɗana Sani yana Kwatano, wani birni can bakin teku, yana sayar da shayi. Wata rana ya kira ni ta salula, cikin magana ya ce ɗiyarsa Tsahara ba ta da kai. Haka aka gaya masa a lakwal, wato makarantar boko. Ya ce in takardar ƙarshen shekara ta zo da wannan maganar, zai cire ta, ta zauna tana wanke masa kofuna. Tsahara sunan uwata ta ci, shi ya sa nake ce mata Inna. A hannuna ta tashi har ta shekara bakwai. Yarinyar da ke tsayawa bakin rumbu tana gyara mini lissafin damman hatsi, ita ce ba ta da kai? Na ce sai na je na ga mai wannan bakin da idona.

Kada ku ɗauka wani masani ne ya tashi. Shekara biyu na yi a lakwal, a bencin baya. Aikina guda ne: mushe, wato malaminmu, yakan aike ni in karyo tsumagiyar da za a doki yara, sau da yawa da ni ake buɗe ta. Na fito da kalma uku ta Faransanci: firezan, wato ga ni; fardon, a yi haƙuri; silansi, a yi shiru. Da su na tunkari Kwatano.

A tashar Faraku na haɗu da ɗan gida. Dogo, da farar riga da casbi, Hausarsa ta Maraɗi tsaf. Da jin na ce Tasawa sai ya dafe ƙirji.

"Tasawa! Ka san Malam Isa?"

"Wanne?"

"Wanda ke kusa da masallaci."

Na ce na san shi. Sai daga baya, da na samu lokacin tunani, na tuna babu garin da ba shi da Malam Isa kusa da masallaci. Ya ce in je in yi alwala, zai riƙe mini jaka. Ya riƙe ta kuwa, har yau tana hannunsa. Da garin gerona, da rigar Juma'a, da salular da lambar Sani ke ciki. Buta kaɗai ya bar mini, ita ma don tana hannuna ne. Wata mai soya doya, wadda ba ta jin ko sannu da Hausa, ta ga dattijo ya zauna a ƙasa yana zagin kansa da babbar murya. Ta zuba mini doya a takarda, ta zuba yaji, ta nuna mini baki. Na ci ina hawaye, na bar wa yajin laifi.

Kwatano kuma gari ne da babura suka fi mutane iko. Kwana uku ina yawo ina tambayar Sani mai shayi. An nuna mini Sani shida. Ɗaya daga cikinsu har ya yarda shi ne ɗana in dai zan taya shi hura wuta. A rana ta huɗu wani mai babur ya taka mini ƙafa, na sauke masa zagi irin na gida, sai na ji dariya a bayana.

"Wagga ashar ba ta wuce Mayahi ko Tasawa ba. Baba, daga ina?"

Yakubu ke nan, magini, mutumin Gidan Amumune, Kirista. Bai ce ya san Malam Isa ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya kai ni ɗakinsa, ya shimfiɗa mini tabarma, ya nuna mini gabas. Ranar Lahadi da ya taso daga coci ya ɗauke ni muka bi unguwa-unguwa, har muka tarar da Sanina a bakin wani titi, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. Bai ce sannu da zuwa ba. Cewa ya yi, "Baba, ina salularka?"

Lakwal ɗin su Inna tana cikin gidan wata makaranta ce da ake koya wa samari da ƴanmata aikin malanta. Da safe su shiga azuzuwan yara su gwada hannu, da la'asar su koma su zama ɗalibai. Kullum ina zaune bakin ƙofa ina jiran in ga wanda ya ce jikata ba ta da kai, har dirakta, shugaban makarantar, ya gaji da ganina. Yakubu, da ya taɓa yi musu gyaran katanga, ya tsaya mini, aka miƙo mini tsintsiya. Ni da na bar gida da matsayin mai gona, na zama mai shara a garin da iska ke dawo da yashi kafin ka juya baya.

Amma tsintsiya ta ba ni abin da nake so, wato taga.

Mai koyar da su Inna sunansa Mushe Kosi. Na so ƙwarai in same shi mugu, don in ji daɗin tsanarsa. Bai yarda ba. Yaro ne mai tsafta, wandonsa da ƙarin guga kamar zai yanka mutum, ba ya duka, ba ya zagi, muryarsa kamar ta rediyo. In ya yi tambaya, ƴan bencin gaba su miƙe hannu suna kaɗa yatsu, suna "mwa, mushe! mwa, mushe!", wato ni, malam. Waɗannan ƴaƴan ma'aikata ne, da Faransanci ake yi musu faɗa a gida. Can baya kuma, inda bencuna suka cushe da juna har babu hanyar wucewa, ƴaƴan masu shayi ne, da na masunta, da na masu dako. Inna tana ƙurya, kanta a sunkuye, kamar yadda ya kamata ɗiyar mutunci ta zauna gaban babba.

Babbar malamar su Kosi ita ce Madam Sika, gajera mai tabarau, ta girma kusa da zangon Faraku, don haka tana jin Hausar kasuwa. Ita ce ta fi kowa ba ni haushi da farko. Kowace la'asar sai ta zaunar da ƙartin nan, kowa ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, ya rubuta abin da ya yi a aji, da inda ya kuskure, da yaron da ya bari a baya. Na ce mata, "Madam, wannan wane irin aiki ne? Mutum ya yini yana wahala, sannan ya zauna ya kai ƙarar kansa?"

Ta ce, "Baba, wanda bai waiwaya ba, gobe ma abin da ya yi yau zai yi."

"To mene ne kike ta nanata musu, kina buga tebur?"

"Adalci. Suna zaton adalci shi ne a ba kowane yaro abu iri ɗaya. Ni kuwa ina ce musu a duba wanda bai samu ba."

Na ce wannan ai kowane manomi ya sani, ba a zuba taki daidai a gona, inda ƙasa ta gaji ake ƙarawa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wata uku tana neman yadda za ta faɗe shi. Na ce da ta tambayi mai shara.

Abin da ya dame ni shi ne, duk wannan rubuce-rubuce bai matsar da Kosi ko taku ɗaya zuwa bayan aji ba. Shekara kuma tana tafiya, takarda tana matsowa.

A gida, in za mu zuba hatsi a rumbu, ba ma yarda da kai. Kowane dami ya shiga, a jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. In an gama a zube a ƙirga, babu gardama. Na ce bari in yi wa Kosi lissafin rumbu. Duk tambayar da ya yi wa ƴan gaba, ɗaya a aljihun dama. Duk wadda ya yi wa ƴan baya, ɗaya a aljihun hagu. Sai dai Kwatano ba ta da tsakuwa, yashi ne zalla. Ranar farko da gyaɗa na yi. Kafin azahar na cinye shaidar.

Sai na koma marafan kwalba, waɗanda nake sharewa kullum a bakin mai sayar da lemo. Daga Litinin zuwa Juma'a ina laɓe a taga, tsintsiya a hannu, ina share wuri ɗaya har ya yi rami. Ranar Laraba aljihun dama ya yage, na ɗinke. Ranar Juma'a ina tafiya ina kacau-kacau kamar jakin mai tallan kwanoni.

A haka na shiga ɗakin da suke zaman la'asar, wai zan kwashe takardu. Kosi yana tsaye yana karanta kayensa. Madam ta ɗaga masa hannu.

"Baba, mene ne ke ƙara a jikinka? Kamar an sako maka ƙararrawa."

Da ina da hankali da na ce makullai ne. Na je gaban teburinta na juye aljihun dama. Marafa suka zube, wasu suka gangara ƙarƙashin kujeru. Na juye na hagu. Biyu.

"Waɗannan ƴan gaba ne. Waɗannan ƴan baya. Kuma kada in ci amana: guda ɗaya silansi ya ce musu, gudan kuma aiken goge allo ne."

Madam ta juya musu da Faransanci. Wata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Sai a lokacin Madam ta gaya mini abin da Kosi ke karantawa da na shigo: wai a wannan mako ya tabbatar kowane yaro ya samu damar magana.

Ban so abin ya zo haka ba. Ko kuwa na so, Allah Ya sani. Kosi ya rufe kaye, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi ta zuba, Madam tana tsinto mini kaɗan-kaɗan. Wai mai shara wanda bai iya rubuta sunansa ba shi ne zai zama sufeto a kansa? Na ce a gaya masa na iya harafin farko. Wai su ƴan bayan ba sa ɗaga hannu, ya zai yi da su? Musamman waccan ta ƙurya, in ya kira sunanta sai ta dubi ƙasa kamar ta yi sata. Su a gidansu, yaron da ba ya duban malami, ko bai sani ba ne, ko raini ne.

Na juya wurin Madam.

"Madam, gaya mishi ni na koya mata."

"Me ka koya mata?"

"Sunkuyar da kai. Tun tana ƙarama, in ta tsura wa babba ido, sai in ɗaga mata karan dawa. A wurinmu yaron da ke kallon babba cikin ido ba shi da kunya. Wanda ke kaɗa wa malami yatsa yana ihu kuwa, uwarsa za a kira."

Madam ta fassara. Kosi ya kwashi kayensa ya fita. Ni kuma na tsaya ina jiran yabo. Madam ta tattara marafan, ta miƙo mini.

"Baba, kai fa? A gida, sau nawa kake tambayar yarinyar nan wani abu?"

"Kullum muna magana."

"Aike ko tambaya?"

"Madam, ni ban iya rubutu ba, kada ki sa ni cikin ƴan kaye."

"Kana da aljihu biyu."

Na fita ina gunaguni. Mutum ya kawo shaida, a mayar da shi wanda ake tuhuma! Kafin magariba dirakta ya kira ni. Kosi ya kai ƙara. Aka ce in wata ya ƙare in ajiye tsintsiya, kafin nan kuma kada a ƙara ganina kusa da taga. Na ce fardon. Ka ga amfanin lakwal.

Asabar da Lahadi na yi lissafin a teburin Sani, don kawai in ƙaryata matar nan. Inna, kawo ruwa. Inna, miƙo sukari. Inna, ina takalmina. Ni da ubanta muka cika aljihun dama kafin la'asar. Na hagu ko ɗaya. Kosi ma ya fi mu, shi yana da biyu.

Da yamma tana tsugune tana wanke kofuna, na tsuguna gefenta, gwiwoyina suna ƙara, na ɗauki kofi ɗaya ina ɗauraya.

"Inna, shin mushenku mi ya koya muku ran Juma'a?"

Ba ta ɗago ba. Tana kallon ruwan kumfa ta fara zubo Faransanci, tiryan-tiryan, har da yadda Kosi ke gyaran murya kafin ya fara. Ta juya mini da Hausa: labarin yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama hadari. Na ce to me ya hana shi zuwa Kona? Ta yi dariya ta ce ba su kai nan ba tukuna. Na dubi Sani. Ya ɗaga kafaɗa.

"Baba, ko aku yana maimaitawa. Takarda nake jira."

Na haifi mutum mai taurin kai, ban san inda ya gado ba.

Mako guda Kosi ba ya amsa gaisuwata. Asabar ta gaba da hantsi sai ga shi a teburin shayi, da takalminsa mai ƙyalli, ya zauna tsakanin masu dako. Yakubu yana nan, shi ya yi mana tafinta. Kosi ya yi kamar shayi ya kawo shi, amma idonsa na kan Inna. Tana karɓar saƙon mutum biyar a lokaci guda, wannan da yaren garin, wancan da Zabarmanci, wani da Faransanci, ba ta haɗa mai madara da marar madara ba. Da ta gan shi sai kai ya koma ƙasa, baki ya rufe.

Kosi ya ajiye kofi da ƙarfi. "Papa, to ka gani! Yaya zan tambayi wanda ba zai dube ni ba?"

"Kai ma daina dubanta."

"In dubi ina?"

"Inda take dubawa. Mu ba ma tsayawa a kan yaro mu ce yi magana. Gefensa ake zama, hannu na aiki, ido na kan aikin, sai maganar ta zo da kanta."

Ban gaya masa cewa ni ma satin da ya wuce na tuna da haka ba. Ba komai ake gaya wa yaro ba.

Ranar Litinin an hana ni taga, amma ba a hana ni share gindin bishiyar da ke kallon tagar ba. Abin da Kosi ya fara yi shi ne jan bencuna. Sai da ya yi gumi kafin ya buɗe hanyar da mutum zai bi zuwa baya; ashe shekara guda ko ya so zuwa babu ta inda zai wuce. Ya rubuta lissafi a allo. Ƴan gaba suka fara mwa-mushe, ya ce su rubuta a nasu allunan. Ya taka har ƙurya, ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya dubi wandonsa. Na ga yana shawara da zuciyarsa. Sannan ya tsuguna gefen Inna, gwiwa a ƙasa, su biyu suna kallon ƙaramin allonta. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga leɓenta ya motsa, na ga ya ɗan ja baya, ya sake nuna wani wuri da yatsa, leɓen ya sake motsi. Ya matsa wurin ɗan masuncin da ke kusa da ita. Shi yaron bai san amsar ba. Kosi ya zauna nan ya daɗe.

Na laluba aljihun hagu na jefa marfi. Dirakta yana bayana. Na ce firezan.

Wata ya ƙare, aka karɓe tsintsiya, babu wanda ya yi kuka. Madam kuwa ta sa kowane ɗalibinta ya zo da marafan kwalba, ɗaya yana koyarwa, ɗaya yana bayan aji yana jefawa. Har ta raɗa wa abin wani dogon suna na Faransanci wanda babu Kona a cikinsa. Na yi mata ƙorafi, ta ce in rubuto.

Takarda ta zo gab da damina. Yakubu ya karanta mana a teburin shayi. Ba ta zo ta ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, tana can tsakiya. Amma ta wuce aji, kuma a ƙasa Kosi ya rubuta da hannunsa cewa yarinyar ta san abin da ake koya mata, laifin wanda bai je ya tambaye ta ba ne. Sani ya sa aka maimaita masa wurin sau biyu. Ya juya shayi, ya juya, har ya huce.

"To. Ta ci gaba. Kofunan ni na wanke."

Ranar da zan koma gida shuka, suka rako ni tasha. Inna ta miƙo mini wani ƙullin leda, kanta a ƙasa. Na kwance. Marafan kwalba ne, guda bakwai.

"Na mene ne, Inna?"

"Tambayoyin da ka yi mini ne, Kaka, tun da ka zo. Na ƙirga. Da wannan takwas."

"To na aike fa?"

"Ledar ba za ta ɗauka ba."

Yakubu ya yi dariya har ya riƙe mota. Wata biyar na yi a ƙasar mutane, an sace ni, an taka ni, an kore ni daga shara, duk don in kama wanda ya bar jikata a baya, ashe tun daga Kona muke tafe da shi cikin riga ɗaya.

Marafan suna aljihuna na hagu har yanzu. Na sayi wata tsohuwar salula a kasuwar Tasawa, duk Juma'a ina kiran Sani in ce ya ba ni ita. Wancan makon na tambaye ta ko sun kai wurin da hadari ke zuwa Kona. Ta ce sun kai, amma bayanin yana da tsawo, in samu wuri in zauna. Na zauna.